Waifar Ƙasar Ƙanƙara

Abu biyu ne suka fara ba ni wahala a Kuala Lumpur: sitiyari a hannun dama, da ruwan sama. Sitiyarin ban daɗe ba na saba da shi, don hannun da ya tsufa yana jan bas tsakanin Kano da Jos ba ya rasa yadda zai yi da mota. Ruwan kuwa har na baro ƙasar ban saba da shi ba. A gida damina tana da lokacinta, ta zo ta wuce. Can kusan kullum da la'asar sai gari ya haɗe ya yi baƙi, a sako ruwa kamar da bakin ƙwarya, motar da ke gabanka ta ɓace maka sai jan fitilarta.

Alhaji Mansur ne ya kai ni. Ɗan unguwarmu ne, na girme shi nesa ba kusa ba, na san shi tun yana yawo ba wando. Ya ce yana da kamfani, yana neman direba mai haƙuri. Kamfanin da na tarar ɗan shago ne a wani lungu bayan masu yadi na titin Jalan Tuanku Abdul Rahman, da wata tsohuwar farar motar kaya. Kayan gida yake sayar wa ɗalibai 'yan Najeriya: garin kwaki, manja, kuka, daddawa, yaji, kilishi. Su yi oda ta waya, ni in kai. Masaukin da ya yi mini alkawari kuwa ɗakin ajiya ne a bayan shagon, katifata tsakanin buhuna. Na haƙura. Gaskiya ma idan kewar gida ta taso mini, warin daddawar nan ne yake lallashina har in yi barci.

Makullin motar da makullin ɗakin a zobe ɗaya suke. Ranar da ya ba ni ya ce, “Baba Haladu, wannan da wannan tare suke tafiya.” Na gane abin da yake nufi.

Waifar motar ta riga ta mutu tun kafin in zo. Robar ta bushe ta tsage, ƙarfen yana kartar gilashi yana kuka. Na gaya wa Alhaji sau da yawa. Kullum amsarsa ɗaya ce.

“Haba Baba, kai fa tsohon direba ne. Ba albasa kuke shafawa a tasha ba? Ga buhu guda can a bayan mota.”

Gaskiya ne, haka muke yi. Idan waifa ta mutu a hanyar Jos, sai ka raba albasa biyu ka goga wa gilashin gaba, ruwa ya riƙa zamewa yana gangarowa, ka lallaɓa ka isa. Wasu taba suke murzawa. Amma dabarar ta yayyafi ce, ta wanda zai kai gari ya sayi sabuwa. Ba a yi ta don ruwan Malesiya ba, ba a kuma yi ta don mai mota ya huta da sayen waifa ba. Duk da haka na yi ta shafawa, ina tafiya a hankali, idan ruwan ya yi ƙarfi in tsaya ƙarƙashin gada tare da masu babura.

Sai korona ta zo, aka kulle gari. Titunan da ba ka samun wurin saka ƙafa suka zama wayam. A Bukit Bintang manyan shaguna a rufe, fitilu suna ta wasa ba mai kallo. Jirage suka daina tashi, ko mutum yana da kuɗin komawa gida ba hanya. Mu masu kai abinci aka bar mu muna fita, 'yan sanda suna tare mu a shingaye suna duba takarda. Oda ta ƙaru, don ɗalibai suna kulle a ɗakunansu. Tsayawa ƙarƙashin gada ta zama laifi. Ina tsaye waya za ta yi ƙara.

“Kana ina? Kwastoma yana ta kirana!”

“Ruwa ake yi, Alhaji.”

“Ruwan a kanka kaɗai ake yi?”

A cikin masu sayen kayanmu akwai Madam Rifkatu, 'yar Filato, tana karatun digiri na uku, tana zaune a wani dogon bene a Titiwangsa. Ita ce ta lura ba na karanta adireshi, sai dai a yi mini saƙon murya. Ba ta yi mini dariya ba. Ta ce, “Malam Haladu, babana ma sai da ya yi jikoki ya koya. Yanzu da aka kulle mu, ni ma zaman ya ishe ni.” Daga nan muka fara. Duk rubutun da na gani, a buhu ko a kwali, in ɗauki hotonsa in tura mata, ta karanta mini, in maimaita, in kwafa. Wannan rubutun da nake yi yanzu daga can ya samo asali.

Wata rana na dawo na tarar an jibge kwalaye a ɗakina, har kan katifa. Alhaji yana tsaye yana murmushi, takunkuminsa a haɓa.

“Baba, kukanka ya ƙare. Waifa ce, ta Turai. Ga kuma ruwan wanke gilashi, shi ma na Turai. Wani ne kayansa suka maƙale a tashar jirgin ruwa, na kwashe gaba ɗaya a araha.”

Na buɗe kwali ɗaya. Waifar tana da kauri da nauyi, an lulluɓe ƙarfenta duka da baƙar roba kamar an sa mata safa. Ruwan kuma shuɗi ne a jarka, da hoton mota cikin wani farin abu, da wani tauraro mai rassa. Na ɗauki hoto na tura wa Madam a matsayin darasin ranar. Sai ga kiranta, tana dariya har da tari.

“Malam Haladu, ina za ku je da wannan? Rasha?”

“Me aka rubuta?”

“Na lokacin hunturu ne, na ƙasashen da ƙanƙara take zuba. Safar nan don kada ƙanƙara ta daskare a ƙarfen ne. Ruwan kuma an cika shi da sinadari don kada ya daskare. A garin nan me zai daskare? Mu da muke kwana da fanka!”

Na je na gaya wa Alhaji yadda ta ce. Ya ɓata rai.

“Abin da ya jure ƙanƙara, ruwan sama ne zai gagare shi? Ka yi tunani mana. Kuma ita Madam ɗin bakanike ce? Tun da ka fara haɗa baƙi ka fara musu da ni.”

Shi da kansa ya ɗaura ta, ya tuttule jarka guda a tankin. Ya ce duk ɗalibin da ke da mota zai gani a tamu ya yi sha'awa.

Kwanakin farko na ga halinta. Motar tana yini a rana, gilashi ya yi zafi kamar tanda, robar ta yi laushi ta manne. Idan na kunna sai ta fizge, ta bar baƙin layi. Idan na ɗan taka mota iska ta shiga ƙarƙashinta ta ɗaga ta, tana kaiwa da komowa a banza ba ta taɓa gilashin. Ruwan kuma kafin waifa ta zagayo ya bushe, ya bar wani dusu-dusu kamar an shafa man kitso. Warinsa yana biyowa ta ramin iska ya shige cikin takunkumi, kaina ya yi ta sarawa har dare. Na gaya wa Alhaji. Ya ce sabo ne, zan saba. Na ce ba na gani. Ya ce, “To ka haɗa da albasar mana.”

Na haɗa. Ba ni da wani abin da zan yi, ɗakin kwanana yana jikin makullin.

Ranar da abin ya faru ina hanyar Titiwangsa da kaya, har da na Madam. Na ga hadari ya taso, na tsaya na raba albasa na goge gilashin sosai. Ina hawa titin da ya bi gefen tafki aka sako ruwa. Ruwan albasa ya haɗu da dusu-dusun nan da baƙin robar, gilashin ya koma kamar an watsa masa koko. Fitilun motocin da ke zuwa suka tarwatse a ciki. Na danna ruwan wanki, abin ya ƙara lalacewa. Na rage gudu ina laluben gefen titi in tsaya. Sai na ji ƙum a gaban motar ta hagu.

Na fito cikin ruwan. Babur ne kwance, akwatin abincin da ke bayansa ya buɗe, shinkafa ta watse ruwa yana tafiya da ita. Mai babur ɗin yana zaune a bakin kwata riƙe da gwiwa, wandonsa ya yage, jini yana bin ruwa. Da ya cire hular kwano sai na ga ba yaro ba ne. Bamalaye ne sa'ana, da furfura a gemu. Mutum ne irina, ya fito neman abin da yara za su ci a lokacin da kowa yake ɓoye a gida.

Ya yi ta faɗa da yarensu yana nuna idonsa yana nuna ni. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma na san abin da yake tambaya. Ban da “sori, sori” ba abin da nake iya cewa. Shekaruna nawa a kan titi ban taɓa zubar da jinin ɗan Adam ba, sai a ƙasar mutane, saboda araha.

Ya miƙe yana ɗingishi ya zo gaban motar. Ya kalli gilashin. Ya sa yatsa ya shafa, ya shinshina. Ya kalle ni.

“Bawang?”

Na gane albasa yake nufi, na leƙa cikin mota na ɗauko rabin albasar na nuna masa. Ya ce, “Astagfirullah.” Ya ɗaga waifar ya jujjuya ta, ya sake ta ta faɗa kan gilashin. Faɗan ya tsaya. Na ciro rawanin da nake goge zufa da shi na ɗaure masa gwiwa, muka tayar da babur ɗin tare, muka fake har ruwan ya tsagaita.

A nan na kira Alhaji na gaya masa na buge mutum. Ga abin da ya fara fitowa daga bakinsa:

“Manjan bai zube ba dai ko?”

Na kashe wayar. Tun da na zo ƙasar ban taɓa kashe masa waya ba.

Mutumin ya hau babur ɗinsa, ya yafuto ni da hannu in biyo shi. Na ɗauka ofishin 'yan sanda za mu, na kuma riga na sallama. Sai ya kai ni wani kedai, wato ɗan shago, na kayan mota, ƙofarsa a ɗage rabi. Ya ƙwala kira, “Ankul!” Wani tsoho ɗan Sin ya sunkuyo ya fito da singileti. Suka yi magana, tsohon ya kalli waifar, ya kalli sama, ya rungume jikinsa yana karkarwa kamar mai jin sanyi. Shi da mai babur suka fashe da dariya. Ni ban iya dariyar ba.

Da hannu da ɗan guntun Turanci tsohon ya nuna mini komai. Ya auna gilashin da tef, ya nuna cewa ta gefen direba ta fi tsawo, ta ɗaya gefen gajera ce, ba a sa su daidai. Ya nuna mini wani ɗan tudu a bayan waifar Alhaji wanda aka yi don iska ta danna ta ƙasa. Nata yana kallon baya, don an yi ta ne saboda motoci masu sitiyari a hagu, shi ya sa iska take ɗaga ta. Ya duba ƙugiyar da ake maƙalawa, ya shiga ya fito da wasu sirara marasa ado. Ya sa na ja yatsa a bakin robar in ji kaifinta da santsinta. Ya zuƙe ruwan shuɗin nan da tiyo yana toshe hanci, ya cika tankin da ruwan famfo, ya ɗiga wani ɗan sabulun gilashi kaɗan. Sannan ya wanke gilashin tas, ya ɗaga rabin albasata ya ce, “Ini makan, lah.” Wato wannan na ci ne. Ya jefa mini ita.

Na kunna. Shafa ɗaya, sai ga titi, ga bishiyoyi, ga mai babur yana ɗaga mini babban yatsa. “Boleh?” in ji tsohon, wato ya yi? Na ce, “Boleh.” Na biya daga abin da nake tarawa in aika gida. Na miƙa wa mai babur abin da ya rage saboda abincin da ya zube da gwiwarsa. Ya ture hannuna, ya dafa ƙirjinsa, ya yi mini sallama irin ta Musulmi ya tafi yana ɗingisa ƙafa a kan giya. Ko sunansa ban sani ba.

Washegari da safe Alhaji ya zagaya motar. Bai tsaya a inda ta lotsa ba, gilashi ya kalla.

“Ina waifata?”

“Tana bayan mota.”

“Wa ya ba ka izinin cirewa? Yau za ka fara kai wa masu motoci. Idan suka ga ba ita ce a tamu ba, me za su ce? Mayar da ita. Kuma duk wanda ya tambaye ka, ka ce da ita kake aiki, lafiya lau.”

“Alhaji, jiya na kusa kashe mutum.”

“Ai bai mutu ba.”

“Mai iyali ne. Da furfurarsa.”

“Baba Haladu, kada ka mayar da ni mutumin banza. Ni na kawo ka ƙasar nan. Ni nake ba ka wurin kwana. Mutane nawa ne suke kwana a ƙarƙashin gada yanzu? Abu kaɗan na ce ka yi mini.”

Na daɗe ina kallonsa. Na tuna ranar sunansa, don na ci tuwon. Na tuna mahaifinsa, mutumin kirki mai sayar da goro a bakin tasha, wanda idan goro ya yi tsutsa da kansa yake ware shi ya zubar. Na haƙura da ɗakin ajiya, na haƙura da kamfanin da babu shi, na haƙura da tsawa daga yaron da na goya. Amma in ɗauki abin da ya makantar da ni in kai wa 'ya'yan mutane, in kuma sa bakina in ce yana da kyau?

Na ce, “Mansur, ba zan mayar ba. Ba kuma zan ce wa kowa tana da kyau ba.”

Rabon da wani ya kira shi Mansur ba Alhaji an daɗe. Fuskarsa ta canza.

“To ajiye makulli.”

Na ajiye, duka biyun, tun da tare suke tafiya. Ya fizge sababbin waifofin daga gilashi ya watso mini su a ƙafa. “Kwashe tsiyarka.” Na sunkuya na ɗauka. Na haɗa kayana a jaka ɗaya, na fito kan Jalan Tuanku Abdul Rahman, shagunan yadi duk a rufe, ba kowa sai tattabaru. Na zauna a bakin wani shago da jaka da waifa biyu a hannu, ban san inda zan dosa ba, hadari kuma yana haɗuwa.

Madam Rifkatu na kira, don in gaya mata ba ni zan ƙara kawo mata kaya ba. Ta ce, “Kana ina yanzu? Kada ka motsa.” Kafin la'asar ta samo mini wuri a falon wasu ɗalibai 'yan cocinsu, 'yan Kaduna da Filato. Suka matsar da kujera suka shimfiɗa mini katifa, suka nuna mini gabas da waya. Da azumi ya zo, ɗaya daga cikinsu yakan tapau mini abinci, wato ya sayo a ƙunshe, daga wurin mamak, Musulman Indiyawa masu gidan abinci, ya ajiye don sahur. Daga baya a wurin mamak ɗin na samu wankin kwanuka ta ƙofar baya, da shi na rayu har aka buɗe hanya. Madam kuma ta rubuta a zauren wayar ɗalibai cewa duk wanda aka kawo wa waifa mai safa ya tambayi kansa yaushe ya ga ƙanƙara a garin nan. Kwalayen suka zauna a inda katifata take.

A falon nan na ji cewa Alhaji ya samu sabon direba. Sunday ne, ɗan Kafanchan, abokin masu masaukina, magidanci da ya zo karatu kuɗin makarantarsa suka yanke, matarsa da ciki a gida. Alhaji ya mayar da waifarsa ta Turai, ya sake cika tanki da ruwan shuɗi.

Masu masaukina suka ce in sayar da nawa waifofin, ko ba komai na ci abinci. Na kwana ina juyi. Da safe na sa takunkumi na tafi da ƙafa har bakin lungun shagon, na laɓe a bayan wata motar shara. Da Sunday ya fito da motar ya sha kwana, na tare shi.

“Baba, lafiya? Wallahi ban so karɓar aikinka ba, yunwa ce.”

“Ban zo don wannan ba. Sauko ka gani.”

Na nuna masa yadda ake danna ɗan harshen da ke jikin waifa a zare ta daga ƙugiya, doguwa a gefen direba, gajera a ɗaya gefen. Na sa ya yi da hannunsa har ya iya. Na kwatanta masa kedai ɗin Ankul, ya je a zuƙe masa ruwan nan.

“Idan Oga ya gani fa?”

“Ba zai gani ba. Kullum ka fito, ka tsaya a nan ka sa waɗannan. Idan za ka koma, ka tsaya a nan ka mayar masa da nasa. Albasa kuma ta miya ce, ko ya ce ka shafa kada ka shafa.”

Ya yi dariya, sannan ya ga ba wasa nake ba. Haka ya yi ta yi, safe da yamma, a bakin lungun nan, har ya bar aikin. Bai taɓa buge ko kaza ba.

Bayan na dawo gida, an yi wani ɗaurin aure a unguwarmu, Alhaji Mansur ya zo hutu, ya sha babbar riga. Ina zaune a bayansa kan tabarma bai lura da ni ba. Ina ji yana ba mutane labarin Malesiya, har ya zo kan wata waifa ta Turai da ya taɓa sa wa motarsa. Ya ce tsohon direbansa ne ido ya ƙare masa ya ɗora wa kaya laifi, amma da ya sa matashi, da waifar nan aka yi ta aiki cikin ruwan da ba su taɓa ganin irinsa ba, ko ƙwarzane ba a samu ba.

Mutane suna ta jinjina kai. Aka miƙo mini goro na karɓa, na ɓare na ci.